Ajiyar Ko-ta-kwana: Inda Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Adana Kwafin Bayanan Kwamfutarsa

Jawabin da aka gabatar a zaman 'yan kasuwa da masu sana'a na taron shekara-shekara na ƙungiya



Da takardar gayyata ta iso mana, muka ga batun da kwamiti ya ɗora mana, sai da muka gyara zaman tabarau muka sake karantawa. Tsohon hedimasta, wanda aka horar da alli da baƙin allo a kwalejin horon malamai, shi ne zai tsaya gaban 'ya'yansa da jikokinsa ya yi musu maganar kwamfuta? Daga baya muka gane dabarar kwamitin. Sun san abin da ya same mu, sun kuma san cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka masana da ke zauren nan su yi mana haƙuri, su gyara mana inda harshe ya karkace.

A zamanin da muka kama aikin koyarwa, duk takarda mai muhimmanci uku ake yin ta. A sa takardar kabon a tsakani, a danna biro da ƙarfi. Ta sama ta tafi ofishin ilimi, ta biyu ta shiga fayil ɗin makaranta, ta uku ta zauna wurin hedimasta. A lokacin muna ɗaukar abin wahalar da sufetoci suka ƙirƙiro don su gajiyar da mu. Sai wata shekara muka dawo daga dogon hutun damina, muka buɗe kabad, muka tarar gara ta cinye babbar rajistar shiga makaranta tun daga wannan bango har wancan. Wannan littafi kuwa shi ke ɗauke da sunan duk yaron da ya taɓa zama a benci a makarantar. Da kwafe-kwafen ofishin ilimi muka sake gina shi, wata uku muna kai da kawowa a kan keke. Akwai shekaru biyu da ba mu samu ba sam. Wanda ya shiga makaranta a waɗannan shekarun, in ya zo neman takardar shaida, sai dai a nemo abokan ajinsa su shaide shi. Ba ma shakka akwai wasunsu a zauren nan.

Mun ɗauka mun koyi darasi. Ashe da saura.

Bayan mun ajiye aiki, wani ɗan ƙanenmu mai dillancin magunguna a birni ya roƙe mu mu riƙa duba masa littattafan lissafi. Kwamfutoci shida ne a wurin, duk kuma suna jingine da guda ɗaya da ke ɗakin ciki, wadda ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. A cikinta ake ajiye komai: kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, ranar da kowane magani zai lalace, albashin yara, da kuma abin da ya fi duka nauyi, wato sunayen masu ƙananan shagunan da suka ɗauki kaya bashi da abin da ake bin kowannensu. Yaron da ya haɗa na'urar ya tabbatar mana babu fargaba, domin faifai biyu ne a cikinta, kowanne madubin ɗan'uwansa, ga kuma na uku a ɗore a kanta yana ɗaukar kwafi kullum. Muka gamsu. Daren ruwan farko na wata damina tsawa ta faɗa a layin wuta, ta biyo waya ta shigo. Da gari ya waye, saba ta ƙone, faifan nan biyu sun ƙone, na ukun ma da ke jone da ita ya bi su. Kwafi uku muke da su, amma duk a kan tebur ɗaya, a jikin waya ɗaya.

Aka kai faifan wurin masu farfaɗo da bayanai a Legas, aka biya kuɗi masu nauyi, aka samo wani ɓangare. Sauran sai da muka zauna mako-mako muna tsintowa daga tsofaffin rasit. Cikin masu bashi, wasu suka zo da ƙafarsu suka faɗi abin da ake bin su, Allah Ya saka musu. Wasu kuwa suka yi shiru, kuma har yau shirun suke yi. Abin da ya fi mana ciwo shi ne zumuncin da ya lalace, domin ɗan kasuwar da ba shi da shaida, in ya tambayi haƙƙinsa sai ya zama shi ne mai ƙage. Tun daga ranar muka koma ɗalibi, muna tambaya muna karatu, kuma abin da muka tsinto shi ne muka kawo muku.

Kafin mutum ya shiga kasuwa sayen kowace na'ura, akwai tambayoyi biyu da shi kaɗai zai iya amsa su, ba injiniya ba. Ta farko: in komai ya salwanta yau da la'asar, aikin kwana nawa za ka iya jure sake yi da hannu? Mai shagon da ke rubuta ciniki ɗari biyu a rana ba zai jure asarar mako guda ba; mai ofishin zanen gine-gine wataƙila ya jure. Ta biyu: kwana nawa za ka iya zama a rufe kafin abokan ciniki su koma wurin maƙwabcinka? Amsar ta farko ita ke faɗa maka yawan lokutan da za a riƙa ɗaukar kwafi, amsar ta biyu kuma ita ke faɗa maka kusancin wurin da kwafin zai zauna. Sannan a auna yawan bayanan. Da yawa daga cikinmu za su yi mamaki in suka ga cewa lissafin shekara goma bai cika gigabait 50 ba, alhali hotuna da bidiyo ne suka cike faifan. Abin da aka auna, a nemi ma'ajin da ya ninka shi biyu ko uku, domin ba kwafin jiya kaɗai ake so ba. Ana so a iya komawa na makon jiya da na watan jiya, saboda sau da yawa ɓarna takan daɗe da aukuwa kafin a farga da ita. A kuma sani, faifan da aka rubuta terabait 1 a jikinsa, gigabait 931 kwamfuta mai Windows za ta nuna. Bambancin ƙidaya ne, kada a je a kama mai shago da faɗa.

Akwai wata ƙa'ida da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa a littafinsa, ake kiranta 3-2-1: kwafi uku na bayananka, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Da muka fara jin ta sai muka yi murmushi, don kuwa takardar kabon ce ta dawo da sabuwar riga. Manomin garinmu ma ya riga kowa saninta. Hatsin ci yana cikin rumbu, rumbun kuma a ɗage yake bisa duwatsu nesa da murhu. Iri kuwa dabam ake rataye shi, kuma mai hankali yakan bar ɗan dami wurin ɗan'uwansa a wata unguwa.

To a kan me za a ajiye? Filashi ba ma'aji ba ne, abin ɗaukar saƙo ne daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Yana ɓata, yana mutuwa ba sallama, kuma kasuwa cike take da na jabu waɗanda ke nuna girman da ba su da shi. Sai ka zuba kaya ya karɓa, ranar buƙata ka tarar da fanko. Faifan DVD gigabait 4.7 kawai yake ɗauka, zamaninsa ya wuce ga irin wannan aiki. Faifan SSD yana da sauri, ba ya tsoron girgiza, amma ya fi tsada, kuma in aka jefa shi durowa shekaru ba a jona shi da wuta ba, musamman a zafi irin namu na bazara, abin da ke ciki yana iya fara zubewa. Kaset ɗin LTO, wanda manyan bankuna da gidajen talabijin ke amfani da shi, abu ne nagari: samfurin LTO-9 da ya fito a 2021 yana ɗaukar terabait 18, kuma an ƙera shi ya yi shekaru talatin a ajiye in an kula da shi. Sai dai na'urar da ke karanta shi dubban daloli ce. Wanda ba harkar fim ko hotunan asibiti yake yi ba, ya wuce wurin kawai.

Abin da ya rage mana uku ne: faifan waje mai jonawa da USB, akwatin ajiya na cikin ofis da ake kira NAS, da kuma haya a ma'ajin intanet da ake kira gajimare.

Faifan waje shi ne jakin talaka. Ana samun sa daga terabait 1 zuwa 5, yana shiga aljihun babbar riga, ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar dala. Amfaninsa duka yana cikin abu ɗaya: a cire shi. Faifan da ke jone dare da rana, duk abin da ya sami saba shi ma ya same shi, kamar yadda namu ya yi. Saboda haka guda ɗaya bai isa ba. A sayi uku, a rubuta musu suna, a riƙa juya su. Ɗaya yana aiki a wannan mako, ɗaya yana kulle cikin sef, ɗaya yana gidan mai kasuwa ko wani amintaccen wuri a wata unguwa. Ranar Juma'a a yi musanya. Rauninsa kuwa ɗan Adam ne. Mako na farko kowa na da zafin nama. Zuwa wata na uku sai ka ji an ce yaron da ke yi ya tafi biki. Mu da muka shekara talatin muna bin malamai su cike rajistar kiran suna mun san maganin wannan: a ɗora aikin a wuyan mutum ɗaya mai suna, a ajiye littafi ya riƙa sa hannu da kwanan wata, mai gida kuma ya riƙa dubawa. Sannan a tuna faifai ne mai juyawa a ciki, da allura mai shawagi bisansa. Faɗuwa ɗaya daga kan tebur tana iya gamawa da shi. Wani kamfanin ajiya na Amurka, Backblaze, da ke wallafa ƙididdigar faifansa tun 2013, yakan nuna cewa tsakanin ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na mutuwa a kowace shekara, kuma wannan a ɗakuna masu sanyi ne da wutar da ba ta ƙiftawa. Sai ku kwatanta da shago a Sabon Gari lokacin hunturu, ƙura na shiga ta ko'ina, ana tashi daga wutar gwamnati zuwa janareto sau biyar a yini.

Akwatin NAS kuwa wata 'yar kwamfuta ce da ba ta da aikin komai sai ajiya. Ana sa mata faifai biyu ko huɗu, a haɗa ta da wayar sadarwar ofis, ta riƙa janyo kwafi da kanta kowane dare ba tare da an tuna mata ba. Kamfanonin da suka fi shahara da ita, Synology da QNAP, duk na Taiwan ne. Babban alherinta shi ne tana iya riƙe hoton yadda fayiloli suke a kowace rana, ta yadda in akawu ya goge lissafin wata guda bisa kuskure ranar Talata, aka farga ranar Asabar, sai a koma hoton Litinin a ɗauko. Ga ofishin da ke da ma'aikata biyar zuwa ashirin, a ganinmu wannan ne ya kamata ya zama kwafi na farko, domin shi ne mafi saurin tayar da kasuwa in saba ta faɗi.

Amma a nan ne ake yaudarar da yawa daga cikinmu, kuma a nan aka yaudare mu. Za a ce maka akwai RAID, wato faifai biyu suna kwaikwayon juna, don haka ka tsira. Abin da RAID ke yi shi ne, in faifai ɗaya ya mutu, aiki ba ya tsayawa kafin a sauya shi. Iyakarsa ke nan. Abin da aka goge a ɗaya, a take ya gogu a ɗayan. Cutar da ta shiga ɗaya ta shiga ɗayan. Wuta, ruwa, tsawa da ɓarawo ba sa tambayar wanne ne madubi. Kuma a lura da lissafi: faifai biyu masu terabait 4 kowanne, in aka yi musu wannan haɗi, terabait 4 za su ba ka, ba 8 ba. Wajen sayen faifan da za a sa ciki a nemi waɗanda aka ƙera don aikin dare da rana, irin IronWolf na Seagate ko Red Plus na Western Digital, a kuma tambaya ko tsarin rubutunsu CMR ne. A 2020 an yi ta ƙorafi da aka gano ana sayar da wasu masu tsarin SMR ba tare da an bayyana ba, waɗanda ke yin nauyi ƙwarai daidai lokacin da ake sake gina ajiya bayan faifai ya mutu, wato daidai lokacin da ba a son nauyi. Akwatin kuma kada ya zauna ɗaki ɗaya da saba in da hali, kada kalmar sirrinsa ta zama iri ɗaya da tata, kuma lalle a sa masa UPS mai iya gaya masa ya kashe kansa cikin tsari in batir ya kusa ƙarewa. A gyara wayar ƙasa ta ginin, a sa abin tare tsawa. Waɗannan ƙananan kuɗi ne da muka ƙi kashewa, muka kashe manya.

Wani gargaɗi kuma: kada a buɗe akwatin ga intanet don kawai mai gida ya riƙa leƙa lissafi ta wayarsa yana kwance a gida. A Yunin 2021 masu wata na'urar ajiya mai suna My Book Live a ƙasashe da dama suka wayi gari an share musu komai daga nesa. Na'urar ta daina samun gyaran manhaja tun 2015. A 2022 kuma wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna DeadBolt ta bi akwatunan QNAP da ke buɗe ga intanet tana kulle su, tana neman fansa. Mun san ma'anar garkuwa da fansa a ƙasar nan, ba sai an yi mana bayani ba. Haka waɗannan suke, sai dai fayiloli suke kamawa, kuma sun koyi fara neman kwafin ajiya su lalata shi kafin su bayyana kansu.

Bari mu ba ku labari guda a kan wannan, don ya faru kusa da gida. A ranar 27 ga Yuni, 2017, wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya ta tashi daga Yukiren ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk, na ƙasar Denmak, wanda kwantenoninsa ke cike da tashar Apapa. Cikin ɗan lokaci kwamfutocinsa a duniya suka mutu. Akwai wasu saba kimanin 150 da ke riƙe da rajistar duk ma'aikata da izinin kowa, an kuma tsara su suna kwaikwayon juna, don haka ba a damu da yi musu ajiya dabam ba. Duka suka tafi tare. Ana cikin neman mafita sai aka gano guda ɗaya da ta tsira a ofishinsu na Gana, kuma dalilin tsirarta shi ne an ɗauke wuta kafin harin, ta kasance a yanke daga sauran. Aka ɗauko faifanta zuwa Nijeriya, aka miƙa wa wani ma'aikaci a filin jirgi, ya tashi da shi zuwa Landan. Da shi aka fara tayar da kamfanin, wanda ya sake girka saba 4,000 da kwamfutoci 45,000, ya kuma ƙiyasta asararsa tsakanin dala miliyan 250 da 300. Ɗauke wutar da muke tsinewa kullum ita ta yi musu abin da ya kamata su yi da gangan, wato ajiye kwafi ɗaya da babu waya tsakaninsa da sauran.

Sai gajimare. Sunan ne kawai na sama. Gini ne na wani kamfani, a wata ƙasa galibi, cike da faifai, kana biyan haya. Alherinsa a fili yake, domin gobarar da ta ci shagonka ba ta isa can ba. Kuma ba ma buƙatar a tuna mana me gobara ke yi. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris ɗin 2016, dubban shaguna suka tafi. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na shekarar, Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022, madatsar Alau kuma ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024. Kaya in sun ƙone ana iya samun mai tallafawa a sake sarowa. Littafin bashi in ya ƙone, babu gidauniyar da za ta dawo da shi.

Duk da haka muna roƙon 'yan'uwa su shiga wannan haya da ido biyu. Na farko, yawancinta da dala ake biya. Kamfanin da muka ambata ɗazu ya sa dala 6 a wata kan kowane terabait a 2023, abin da ba shi da yawa a ido. Amma wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, ya ga yadda ta haura 1,500 a 2024. In katin biya ya ƙi aiki wata biyu ko uku, ana iya rufe asusun a share abin da ke ciki. Na biyu, lokaci. Mu yi lissafin aji shida: gigabait 500 a kan layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki awa 111, wato kusan kwana biyar ba tsayawa, ba ɗaukewar wuta, ba yankewar sadarwa. Ranar da za a sauko da shi kuma kasuwa tana rufe tana jira, wasu kamfanonin ma suna cajin kuɗin saukowa dabam. Na uku, hanyar kanta tana yankewa. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, har bankuna suka rikice a ƙasar nan. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda matsalar tsaro. A Oktobar 2024 kuma yawancin jihohin Arewa sun haura mako cikin duhu. Wanda ajiyarsa kaf tana gajimare, a irin waɗannan ranaku yana da rumbu amma babu tsani.

Gajimaren ma yana ƙonewa. A ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiya na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu masu haya suka tarar kwafin da suke biya a yi musu yana wuri ɗaya da ainihin bayanan. Saboda haka a tambaya, a kuma nemi amsa a rubuce.

Akwai kuskure guda da muke yawan gani wurin matasanmu. Sai mutum ya ce ai fayilolinsa suna Google Drive ko OneDrive ko Dropbox, don haka ya gama. Waɗannan aikinsu daidaita abin da ke kwamfuta da abin da ke can ne. In ka goge a nan, ya gogu a can. A Google Drive kwana 30 abin da aka goge ke yi a kwandon shara kafin ya tafi. Ma'ajin da ake so shi ne mai riƙe tsofaffin kwafi na watanni, in da hali ma mai tsarin kulle kwafi na wani wa'adi ta yadda ko mai kalmar sirri ba zai iya goge shi ba.

Idan aka tambaye mu ra'ayi, ga shi ba kwana-kwana. Mai kwamfuta biyu ko uku da bayanan da ba su kai gigabait 200 ba, ya sayi faifan waje uku ya riƙa juya su, ya kuma tura fayilolin lissafi kaɗai zuwa gajimare kowane dare, tunda ba su da nauyi. Mai ofis da saba da ma'aikata da dama, ya sa akwatin NAS mai faifai biyu, ya ƙara da faifan waje biyu da ke fita daga ginin, sannan gajimare ga abin da kasuwa ba za ta rayu ba sai da shi. Wanda kuɗinsa bai kai duka ba, ya fara da faifan da ke kwana a wani gida. Da babu gara ba daɗi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a sayi faifai na hannu don araha. Araha ba ta ado, balle a wurin da amanar mutane ke kwance.

Mun ce amana da gangan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ya adana littattafan lissafinsa har shekara shida. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da sunaye, lambobin waya ko bayanan lafiyar mutane alhakin tsare su. Masu makarantu da asibitoci da ɗakunan gwaji a cikinmu su lura da wannan. Faifan da ke tafiya gida a aljihu yana iya faɗuwa a cikin a-daidaita-sahu. Don haka a kulle shi da rubutun sirri, ko da BitLocker da ke cikin wasu nau'o'in Windows, ko da VeraCrypt wadda kyauta ce. Amma kulle yana da nasa haɗarin, domin in mabuɗi ya ɓata, ko wanda ya ƙera faifan ba zai buɗe shi ba. A rubuta kalmar sirri a takarda, a rufe cikin ambulan, a ba mutum biyu amintattu. Asusun gajimare kuma a buɗe shi da sunan kasuwa da lambar mai ita. Mun ga inda aka buɗe da adireshin yaron da ya zo gyara, aka saɓa da shi, ya tafi da mabuɗin. Mun kuma zauna a rabon gado inda mamaci ya bar kwamfuta a kulle, magada ba su san abin da yake bi ba, ba su san abin da ake bin sa ba, ga marayu ga masu bashi a ƙofar gida.

Saura gwaji, wanda shi ne kowa ke tsallakewa. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka yana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2, wani ya ba da umarnin gogewa bisa kuskure, mafi yawan aikin ya tafi. Da suka juya ga ajiyarsu sai suka tarar ta daɗe ba ta ɗauka daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego da ke aiki daga gida, wadda ke da kwafi a kwamfutarta. Na'ura tana iya rubuta maka kullum cewa an yi nasara, alhali abin da take ɗauka bai cika ba, musamman manhajar lissafi da ake kwafa tana buɗe. Malami bai san yaro ya iya ba sai ya yi masa jarrabawa. Sau ɗaya a wata a zaɓi fayil uku a dawo da su daga ajiya a buɗe a gani. Sau ɗaya a shekara a ɗauki wata kwamfuta dabam, a yi kamar saba ta mutu, a tayar da komai daga farko, a duba agogo. Abin da agogon ya nuna shi ne gaskiyar kwanakin da kasuwarka za ta yi a rufe. A kwatanta shi da amsar tambaya ta biyu da muka yi a farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai girma Shugaba, muna da roƙo biyu ga ƙungiya. Na farko, rassanmu na birane su haɗa mambobi bibbiyu, waɗanda shagunansu ba kasuwa ɗaya suke ba, su riƙa musanyar faifai a kulle kowane mako. Wannan ba ya cin ko kwabo, sai amana, ita kuwa muna da ita tsakaninmu. Na biyu ya shafi ƙungiyar kanta. Rajistar mambobi, lissafin gidauniyar tallafin karatu, takardun filin da aka ba mu na ginin ɗakin karatu, da hotunan dattawan da suka kafa wannan tafiya, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, duk mun tambaya jiya da dare, aka ce mana suna cikin kwamfutar tafi-da-gidanka ta Sakatare, ita kaɗai, kuma ga ta can a kan tebur kusa da butar shayi. Muna neman a sa batun cikin ajandar zaman gobe, a ware kuɗin faifai uku kafin a watse. Mu za mu kawo littafin sa hannu.